Hayar takalmin zamiya da amalanken ƙanƙara a Ottawa

Hunturu uku na yi a Ottawa, babban birnin Kanada, ina leƙen masu zamiya a kan daskararren mashigin ruwan Rideau daga kan gada, ban taɓa sauka ba. Da Hajiya ta zo daga Kano ganin jikokinta, yara suka dage sai an kai ta. Ran wata Asabar cikin Fabrairu, ana tsakiyar bikin hunturu na garin da ake kira Winterlude, na karɓo hayar takalman zamiya ƙafa uku a wani shago na unguwarmu.

Hawa ƙanƙarar kyauta ne, kaya kawai ake biya. Filin zamiyar kilomita 7.8 ne, daga tsakiyar gari har ya wuce tafkin Dows, kuma ba a buɗe shi sai kaurin ƙanƙara ya kai santimita 30. Da dare ma'aikata ke share dusar, su huda ƙanƙarar, su zuƙo ruwa su malala a kai ya daskare sumul.

Mai shagon ya san aikinsa. Ya auna ƙafar kowa, da ya ga na ninka wa yara safa bibbiyu ya ce a cire ɗaya, wai ƙafar da aka matse jini ba ya gudu a cikinta, ita ce ke fara sandarewa. Gaskiyarsa kuwa. Awa biyu muka yi a sanyin da ya kusa digiri 15 ƙasa da sifili, ba wanda ya yi kukan yatsu. Hular kwano ma ya ba autana ba tare da ƙarin kuɗi ba.

Inda suka ɓata mini rai shi ne takalmin babban ɗana. Ƙarfen ƙasan takalmin da ake zamiya a kansa ya dakushe, yaro na tura ƙafa tana zillewa gefe, ya faɗi ya fi a ƙirga har ya fara cewa shi ne bai iya ba. Wata dattijuwa ce ta shafa bakin ƙarfen da yatsa ta ce a kai wa masu wasawa. Na biya aka wasa, nan take tafiyarsa ta miƙe. Wannan aikin mai ba da haya ne tun kafin kaya su bar shago.

Amma abin da ya fi kome biyan kuɗinsa jan amalanken nan ne da ake haya a bakin ruwan, mai kujera da mariƙi a baya. Muka zaunar da Hajiya, muka lulluɓe ta da bargo har wuya. Ta yi bisimilla, ta riƙe gefe gam, ta ce, "Ke 'yar nan, yanzu ruwa ne a ƙarƙashinmu?" Na ce, "Ruwa ne, Hajiya." Ni ma mariƙin ne ya zame mini madogara, da shi na koyi jan ƙafa. Kafin mu tsaya sayen BeaverTails, wani soyayyen ƙullin fulawa mai faɗi da ake barbaɗa wa sukari da kirfa, ita ce ke cewa a ƙara sauri.

Mai niyyar zuwa ya tabbatar an buɗe kafin ya biya haya, don ɗumin kwana biyu kan sa a rufe. A hunturun 2023 ko kwana ɗaya ba a buɗe ba, abin da bai taɓa faruwa ba tun 1971. Asabar kuma cunkoso ya yi yawa ga mai koyo. Mu dai safiyar Laraba muka sa za mu koma, kuma zan duba bakin kowane takalmi kafin in karɓa.