Sharhi: nautilus-admin a kwamfutocin shagonmu na Ƙofar Ƙaura

Duk mai amfani da Ubuntu ya san wannan takaicin: ka ɗauko fayil za ka jefa a /usr/share/fonts, foldar salon rubutu ta kwamfutar gaba ɗaya, manhajar Files (wato Nautilus) ta ce ba ka da izini. Mu da ke buga katin biki da takardun makaranta a nan Katsina, kullum muna neman salon rubutun da ke fitar da ɓ, ɗ da ƙ da kyau, kuma so muke kowane asusu a kwamfutar ya same shi. Dole sai an taɓa wannan folda.

Da can gksu, umarnin buɗe manhaja da cikakken izini, ake amfani da shi, sai aka cire shi daga Ubuntu 18.04 a 2018. Wasu suka koma buga sudo nautilus, wanda ban ba kowa shawararsa ba, don yana iya mayar da wasu fayilolinka mallakar root, wato asusun da ke da iko da komai a kwamfutar, ka dawo kana roƙon izini a gidanka.

Shi nautilus-admin ɗan ƙari ne kawai da ake yi wa manhajar Files don magance wannan. Ka buga sudo apt install nautilus-admin, ka bi shi da nautilus -q don rufe Files ka sake buɗe ta, shi ke nan. Daga nan in ka danna maɓallin dama a kan folda za ka ga "Open as Administrator", a kan fayil kuma "Edit as Administrator". Abin da ya burge ni, ba ya ɗora manhajar gaba ɗaya a matsayin root. Ta hanyar admin:// yake bi, polkit, mai kula da ba da izini, ya nemi kalmar sirri. Gaskiya ko babu shi kana iya danna Ctrl+L ka rubuta admin:///etc da hannu, wahalar bugawa kawai ya rage maka. Masu Linux Mint ma dariya za su yi mana, Nemo, manhajar fayilolinsu, da abin ya zo tun asali.

Inda nake da ƙorafi: wani lokacin sai ya tambayi kalmar sirri ya sake tambaya. Sannan duk abin da ka ƙirƙira ta wannan tagar na root ne. Wani yaron shago ya kwafi aikin kwastoma ta nan, washegari ga alamar kwaɗo a jikin fayil, ya ƙi gyaruwa. "Oga, kwamfutar nan ta kulle aikin Hajiya," in ji shi. Sai da na bi da chown, umarnin sauya mai mallakar fayil.

Na bar shi a laftof ɗina. A kwamfutocin da yara ke zama kuwa na cire shi, na kuma fitar da asusunsu daga rukunin sudo, wato masu izinin yin aiki a matsayin root.