Shelar UDP ko mDNS, wanne ya fi maka?

Ɗan'uwa mai tambaya kan manhajar lissafin shago, wanda ke so kwamfutar wurin ciniki da ta sito su gano juna a wayfay ɗaya ba sai an zauna ana buga lambar IP (adireshin kowace na'ura a wayfay ɗin) ba, to hanya biyu ce a gabanka.

Ta farko shelar UDP, wato aika saƙo ɗaya ga duk na'urorin da ke wayfay ɗin ba tare da jiran amsa ba. Duk bayan 'yan daƙiƙu manhajar ta jefa ɗan saƙo zuwa 255.255.255.255, adireshin da ke kaiwa ga kowa, a fot ɗin da ka zaɓa (lambar ƙofar da manhaja ke saurare), ga sunana ga inda za a same ni, duk wadda ke saurare ta ji ta rubuta. Kod ɗin ba yawa, kuma kar ka raina ta, Dropbox, mai ajiyar fayiloli, ma da ita yake gano 'yan'uwansa a fot 17500. Amma fa komai kai za ka yi da hannunka. Ka ba kowace kwamfuta lambarta ta daban a cikin saƙon, in ba haka ba za ta ji muryar kanta ta ɗauka wata ce, sannan wadda ta jima shiru ka cire ta daga jeri don in an ɗauke wuta ba sallama za ta yi ba. Ga shi a IPv6, sabon tsarin lambobin IP, babu shela sam, iPhone kuma tun iOS 14 sai ka nemi izini na musamman wurin Apple.

Ta biyu mDNS, shiryayyen tsarin da na'urori ke gano juna da suna, wato Bonjour a wurin Apple, Avahi a Linux, a Android kuma NSD tun Android 4.1. Saƙon na zuwa 224.0.0.251 fot 5353, da ita firinta ke bayyana a waya ba ka yi komai ba. Ka yi rajistar suna kamar _shago._tcp, sauran aikin laburaren mDNS, wato shiryayyen kod ɗinsa, ya ji da shi. Saitin farko ne dai ke ɗan cin rai.

Ni dai in kwamfutoci ne zalla uku ko huɗu, yi shelarka ka huta. In kana da niyyar waya ta shigo ko nan gaba ne, wallahi fara da mDNS tun yanzu, sauyawa daga baya ya fi zafi.

Kuma duka biyun ba sa tsallake rauta, wayfay ɗin otal da na makarantu sau da yawa yana hana na'urori ganin juna, fayawol ɗin Windows ma kan tare saƙon. Don haka ka bar wurin sa IP da hannu ko QR a manhajar.