Kwana ɗaya a ruwan zafin Nyuto

Yaya, bayan gaisuwa mai yawa, ka tuna ranar da muka yini a Wikki, ruwan ɗumin nan na Yankari, har yatsunmu suka yamushe? To, makon jiya na je irinsa a nan Japan, wani wuri da ake kira Nyuto, sai dai nasu tafasa ya rage.

Mu shida ne, duk 'yan harkar kayan gyaran mota. Jirgin ƙasan Komachi ya kai mu Tazawako daga Tokyo cikin kusan awa uku, sannan bas ta hau da mu duwatsun Akita na kamar minti 50. Lokacin da aka rubuta a tikiti, shi ne lokacin. Ba a jira mota ta cika.

Kuɗin masauki kai-kai ake biya, ba ɗaki-ɗaki ba, har da abincin dare da karin kumallo. Wannan ya ɗan yi mini ciwo, don a gida da ɗaki biyu za mu kama mu cunkushe. Akwai kuma harajin wanka, yen 150 kowa. Amma dattijuwar da ta shimfiɗa mana katifu a kan tabarma, da na miƙa mata na goro, sai ta ja da baya tana rusunawa, ta ƙi ko taɓawa. Ni na ƙare da jin kunya.

Ruwan Wikki garau yake, ɗuminsa digiri 31, kana hango yashin ƙasa. Wanda muka shiga a Nyuto fari ne kamar tsala, ya haura digiri 40, ga warin farar wuta sai ka ce ruɓaɓɓen ƙwai. Matsalar ita ce ba a shiga da gajeren wando. Tsirara haihuwar uwa suke shiga, da ɗan tawul a ka. Babbanmu ya leƙa, ya juyo yana salati. Sai da sawu ya ɗauke, wajen ƙarfe biyun dare, muka riƙa shiga ɗaya bayan ɗaya, wani na gadin ƙofa. Ƙanƙara na sauka a kaina, jiki na cikin zafi. Ciwon bayan nan da na kwaso wajen lodin kwantena, ranar ban ji shi ba.

Tun a waya muka ce ban da alade da giya, kuma sun kiyaye: kifin rafi a tsinke an gasa da gishiri, shinkafa, ganyayen daji. Salam, ba yaji ko na magani.

Don Allah in mai zuwa ya samu, a ba shi yajin ƙuli na wajen Inna. Ka kuma tambayo mini nawa ɗaki yake yanzu a Yankari, ina so in kai yara in na zo babbar Sallah.