Nikon P950: ta shaho ce da rana, ba ta kura da dare ba

Masu son fara ɗaukar hoton namun daji a Zariya sun fi tambaya kan wannan kyamara, saboda zuƙowarta. Nikon Coolpix P950 ta fito a 2020, tana zuƙo abu ninki 83, wato daidai da gilashin milimita 24 zuwa 2000 a babbar kyamara. Shirwa na bisa rimi a Samaru ko shaho kan dutsen Kufena, za ka ƙirga gashin fiffikensa ba ka matsa ka tashe shi ba. Nauyinta kilo ɗaya ne da ɗan ɗoriya.

Matsalarta tana ciki. Farantin da ke karɓar haske ƙarami ne, kusan irin na wayar hannu, kuma idan an zuƙo har ƙarshe ƙofar hasken ta tsuke zuwa f/6.5. To zaki da damisa da kura ba sa yawo da tsakar rana, sai asuba da almuru da dare. Da asuba ko almuru dole ISO, wato ma'aunin ƙarfin jin hasken farantin, ya haura 800, hoton ya fito da ɓurɓushi kamar an watsa masa tsaki. Wanda zai tafi Yankari ko Kainji, inda ragowar zakunan Najeriya suke, da niyyar kamo zaki da magariba, gara ya nemi mai babban faranti. Tun 2015 zakin Afirka ta Yamma ke cikin jerin masu dab da ƙarewa, ganinsa ma sai an dace.

Da rana kuwa tana aiki. Sa gudun ɗauka a 1/1000 na daƙiƙa ko mafi sauri, ka dafa ta kan ƙafa uku ko tagar mota bayan an kashe inji. Idan tsuntsu ya ɓace maka, akwai maɓalli a gefen gilashi da ke ja da baya ka nemo shi. Daga ƙarfe sha ɗaya na safe a bazara kada ka wahalar da kanka da nesa, turirin zafin ƙasa ne zai murɗe hoton, ba laifin kyamara ba ne.

Ba a toshe ta daga ƙura ba, ga hunturun Zariya. Ɗaura mata matacin gilashi mai milimita 67, a busa ƙurar da robar hura iska kafin a goge. Batirinta EN-EL20a hoto wajen 290 yake kaiwa, sayi biyu ƙari. Mai sayen ta hannu ya zuƙo ya mayar sau biyar yana saurare; gurnani alamar yashi ne a ciki.

Kafin ka ɗora hoto a Facebook, kashe bayanin wuri a SnapBridge, manhajar Nikon da ke haɗa kyamarar da waya, kuma kada ka faɗi inda sheƙar mikiya ko ungulu take. Masu sayar da kawunansu don haɗa magani su ma suna duba waya.