Baƙar giyar Poland: akwai daɗi, amma wasu kwalaben sun yi tsami

Wannan sharhi na masu sha ne. Wanda addininsa ko lafiyarsa suka hana shi, ya yi haƙuri ya wuce.

Giyar da nake magana a kanta ita ce wadda 'yan Poland ke kira porter: baƙa ƙirin, mai kauri, ƙarfin barasarta kan kai kashi 9 cikin 100 ko fiye. A watan Janairu ake cin kasuwarta, don Asabar ta uku a watan ita ce ranar da suka ware mata, shaguna da mashaya kowa ya fito da tasa. A lokacin na sayi 'yan kwalabe na wani ƙaramin kamfani a wani shago a birnin Krakow na Poland, kuɗin kowace ya ninka na giyar manyan kamfanoni kusan sau uku. Duk bugu ɗaya ne, lamba ɗaya da kwanan wata ɗaya a jikinsu, kuma da sauran fiye da shekara kafin wa'adinsu ya cika.

Lafiyayyun cikinsu ba su da abin kushewa. Idan ka tsiyaya, a hankali take sauka, kumfa mai ruwan ƙasa ta taru a sama ta daɗe ba ta kwanta ba. Ka ɗaga kofin ga fitila sai ka ga ashe baƙin yana da ja a gefe. Ƙamshin gasasshen kofi ne ke fara zuwa, sai na cakulan, sai wani zaƙi irin na busasshen dabino. Ɗacin yana nan amma ba ya cizo, sai can ƙarshe ka ji ɗumi ya bi maƙogwaro. Mu da muka tashi a Jos mun saba sai kwalba ta yi sanyi ƙarara kafin a buɗe. Wannan idan ka yi mata haka ka yi asarar kuɗinka, don sanyi yana danne ƙamshin. A fito da ita daga firij a bar ta ta huce kamar minti 15. Kuma kwalba ɗaya ta rabin lita ta ishi mutum biyu, ba abin da za a yi gasa da shi ba ne.

Wanda ya san Guinness ta Najeriya, mai kashi 7.5, ya san danginta. Dukansu daga baƙar giyar Landan ta ƙarni na 18 suka samo asali. Ingila ta riƙa kai mai ƙarfin zuwa ƙasashen Tekun Baltic da Rasha, daga baya masu dafa giya na yankin suka koma yin tasu da irin yistin da ke aiki cikin sanyi, su ajiye ta watanni kafin a sayar. Shi ya sa ta Poland ta fi santsi da zaƙi, tamu kuma, wadda ake sa wa dawa, ta fi kaifin ɗaci.

To, sai ga sauran kwalaben. Ina ɗaga murfi sai kumfa ta taso ta tumbatsa, ba a girgiza ta ba, ba ta yi zafi ba, kusan kashi ɗaya cikin uku ya tafi a kan tebur. Abin da ya rage a kofi kumfarsa manyan ƙwayoyi ce, ta mutu nan take. Kaurin nan duk ya tafi, ta zama tsululu. Ƙamshin kofi yana nan can ƙasa, amma warin tsami ya hau kansa, a baki kuma tsamin ne ke kama gefen harshe ya ƙi saki. A gindin kwalbar akwai laka fiye da ta lafiyayyun.

Wannan aikin baƙon yisti ne ko bakteriya da suka shiga, galibi wajen ɗura giyar a kwalba idan bututu ko injin bai wanku ba. Giya mai ƙarfi irin wannan tana barin sukari mai yawa wanda yistin kamfani ba ya iya cinyewa, shi ne ma ke ba ta kauri da zaƙi. Baƙon yisti, irin su Brettanomyces, yana cinye wannan saura a cikin rufaffiyar kwalba, iska ta ƙaru, kauri ya ragu. Bakteriyar Lactobacillus kuma ita ke kawo tsami. Ita ɗin ce dai ke tsamar da burukutu, sai dai mai burukutu da gangan take barin ta, kuma cikin kwana biyu zuwa uku an shanye tukunyar. A nan ba wanda ya gayyace ta. Ƙananan kamfanoni da yawa ba sa ɗumama giyarsu bayan sun ɗura don kashe ƙwayoyin, suna alfahari da hakan a jikin takardar kwalba, kuma gaskiya hakan na barin ƙamshi da rai. Amma wanda ya zaɓi haka dole tsabtarsa ta kai, kuma dole mai shago ya ajiye kayan a sanyi. Waɗannan a kan kanta na same su, kusa da na'urar ɗumama ɗaki.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne amsar da na samu da na mayar da kwalba ɗaya shagon. Yaron da ke wurin ya ɗanɗana, ya ce ai haka porter take idan ta kwana biyu. Ba haka take ba. 'Yan Poland suna ajiye wannan giya shekaru, wasu har bayan wa'adinta ya wuce, kuma na sha irin wadda aka ajiye: ɗacinta ya lafa, ƙamshin zabibi ya ƙaru, iskarta ma raguwa take yi. Tsufa ba ya sa kwalba ta yi ambaliya, ba ya kawo tsami mai kama harshe. Irin wannan lalacewa ba ta cika cutar da ciki ba, amma kwalbar da iska ke ci gaba da taruwa a cikinta tana iya fashewa a kabad, saboda haka wanda ya ga ɗaya ta yi haka ya sa sauran a firij ya gama da su da wuri. Mai shagon da kansa ya fi yaron fahimta: ya mayar mini da kuɗin waɗanda suka lalace, ya rubuta lambar bugun ya ce zai sanar da kamfanin.

Zan sake sayen giyar kamfanin nan, amma kwalba ɗaya, daga firij, kuma sabon bugu. Wanda bai taɓa ɗanɗana irinta ba ya fara da Żywiec Porter, mai sama da kashi 9, wadda ake yi tun 1881. Ba ta kai lafiyayyun kwalaben nan zurfin ƙamshi ba, zafin barasarta ma ya fi fitowa fili, amma tana da araha kuma kusan kowane babban kanti yana da ita.