Awon ciki a asibitin kuɗi a Maraɗi: abin da ake biya da abin da ake samu

Ƙananan asibitocin kuɗi sun yawaita a Maraɗi, kuma kusan kowanne yana da allo a bakin ƙofa mai shelar cewa ana hoton ciki. Wanda zan yi magana a kansa yana cikin sabbin unguwannin gari, nan ne ƙanwata ta yi awon cikinta na huɗu tun daga wata na uku har zuwa dab da haihuwa, ni ce kuma mai raka ta a mafi yawan zuwan da ta yi. Ba zan kama sunan wurin ba, domin akwai yabo akwai suka a cikin abin da zan faɗa, kuma sukar ta shafi wurare da dama irinsa. Hukuncina a kansa shi ne kuɗin da muka kashe bai tafi a banza ba, sai dai abin da ya cancanci kuɗin yana ɗakin sajifam ne, wato ungozomar asibiti, ɗakin da ba a rubuta shi a allo ba, alhali na'urar da ake tallar wurin da ita ita ce mafi raunin aikinsu.

Duk mai son biyan kuɗin awo a Nijar ya kamata ya tuna cewa tun shekarar 2006 awon ciki kyauta ne a asibitocin gwamnati, haka ma tiyatar ciro jariri, da maganin tazarar haihuwa, da kula da yara ƴan ƙasa da shekara 5. Abin da ke kai mace asibitin kuɗi shi ne cunkoso. Binciken ƙasa na 2012 ya nuna cewa macen Nijar tana haihuwar yara 7.6 a matsakaici, jihar Maraɗi kuma tana sama da wannan adadi, saboda haka duk wadda ta taɓa zama a layin awo a CSI, wato ƙaramin asibitin gwamnati, ta san cewa ma'aikaciya ɗaya ce ke fuskantar mata da yawa, kuma komai ƙwazonta ba za ta iya ba kowace mace lokacin da take so ba. Lokaci ne mutum yake saye a asibitin kuɗi, da shi kuma ya dace a auna wurin.

Ginin gida ne aka mayar asibiti, da rumfar kwano a tsakar gida inda mata ke jira a kan benci. Ana share shi, akwai randar ruwan sha, kuma suna da wutar sola da ke riƙe fanka da firjin allurai idan an ɗauke wuta. Ganin sajifam jika 2 ne, hoton ciki jika 5, gwaje-gwajen jini da fitsari na zuwan farko kuwa sun kai mu wajen jika 12. Bayin wurin bai dace da asibiti ba. Guda ɗaya ne ga maza da mata, sau da yawa babu sabulu, kuma a nan ake tura mai tsohon ciki ta tsuguna ta kawo fitsarin gwaji a cikin ƙaramin roba.

Sajifam ɗin mace ce da ta manyanta, wadda ta yi shekaru tana aikin gwamnati kafin ta dawo nan, kuma yadda take awon tansiyo, wato awon hawan jini, shi ne ya fara jan hankalina. Ba ta ɗaura wa mace abin awon da zarar ta shigo tana haki daga kan kabu-kabu. Sai ta zaunar da ita ta huta, ta sa ta jingina bayanta ta sauke ƙafafu ƙasa, sannan ta auna, ta rubuta a karne, wato littafin awo, ta kuma faɗa mata adadin da bakinta. A wata na bakwai awon ƙanwata ya nuna 14/9. Sajifam ta sa ta kwanta na ɗan lokaci ta sake aunawa, bai sauka ba, sai ta tsoma ƴar takardar gwaji a fitsari, launinta ya sauya, alamar ƙoda ta fara zubar da sinadarin furotin. Hawan jini da ya kai 14/9 bayan mako 20 na ciki, haɗe da furotin a fitsari, shi ne matakin da ke gaban jijjiga, cutar da ke kayar da mai ciki ta riƙa karkarwa tana cizon harshe, wadda kan hallaka uwa ko ɗa ko su duka. Tushenta yana ga mabiyiya, shi ya sa ba ta rabuwa da mace gaba ɗaya sai an haihu, kuma aikin masu awo shi ne su riƙe jinin su lura da jaririn har lokacin da haihuwar ta fi zaman cikin aminci.

Abin da ya biyo baya shi ne mafi darajar abin da muka samu a wurin. Ƙafafun ƙanwata sun jima da kumbura, kuma a gida an riga an yanke cewa zaƙi ne ya yi mata yawa, har an jiƙa mata sassaƙe. Sajifam ba ta yi wa kowa faɗa ba. Ta nemi a zo da surukar ƙanwata, ta gaishe ta har ƙasa, ta ce mata: "Inna, kumburin ƙafa kaɗai ba ya tayar mini da hankali, yawancin masu ciki suna yi. Amma in kin ga fuska da hannuwa sun tashi, ko ta ce kanta na sarawa, ko tana ganin hazo-hazo, ko ƙahon zuciyarta na ciwo, ko da tsakar dare ne kada a jira asuba, kada kuma a jira maigida ya dawo daga kasuwa." Ta rubuta maganin hawan jini mai suna Aldomet, wanda aka san ba ya cutar da jariri, ta hana shan kowane maganin tansiyo da wata maƙwabciya za ta miƙo, domin wasu daga cikinsu suna lalata ƙodar ɗan da ke ciki, ta kuma mayar da awon kowane mako ba tare da ta sake karɓar kuɗin ganinta ba. Na tambaye ta ko suna ajiye allurar maganeziyom salfet, wadda ita ce maganin jijjiga idan ta taso, sai ta buɗe kabad ta nuna mini. Duk mai neman wurin awo ya yi wannan tambayar, kuma ya nemi a nuna masa.

Sauran aikin awo sun yi shi yadda ya kamata. Tun da ciki ya shiga wata na huɗu suka fara ba ta Fansidar na rigakafin zazzaɓin cizon sauro, wata-wata, tana haɗiyewa a gabansu, abin da ke da muhimmanci ƙwarai a garin da ke bakin gulbi, inda sauro ke cika gidaje daga damina har kaka, zazzaɓin kuma yana shanye jinin mai ciki ya rage nauyin jariri. Sun yi mata allurar rigakafin sandarewar jiki, sun auna yawan jininta sau biyu, suka bayyana mata cewa ƙasa da 11 ƙarancin jini ne ga mai ciki, ƙasa da 7 kuma haɗari ne babba.

A wajen kuɗin magani da gwaji ne halin kasuwanci ya fito. Gwajin farko a dunƙule ake sayar da shi, har da na rukunin jini, duk da cewa rukunin jinin mutum ba ya sauyawa kuma yana rubuce a tsohon karnenta da muka nuna. Takardar magani kan zo da dogon jeri, kuma cikin jerin akwai ruwan bitamin mai tsada a kwalba mai kyau, wanda amfaninsa bai wuce na ƙwayar ƙarin jini mai ɗauke da sinadarin ƙarfe da folik asid ba, irin wadda ake ba masu ciki a CSI. Farmasin da ke cikin gidan ya fi na gari tsada, mai sayarwar kuma takan ɓata rai in ta ga mutum ya naɗe takardarsa zai fita. Da na kai wa sajifam takardar na ce ta nuna mini wanda ba makawa sai an saya, ta sa alama a kan guda biyu kawai. Ban san yadda take kwashewa da mai asibitin a kan irin wannan ba.

Hoton ciki kuwa wani likita ne ke zuwa da yamma a wasu ranaku ya yi, bayan ya tashi daga wani aikin. Layi kan yi tsawo, shi kuma yana sauri, ya shafa man, ya zagaya da na'urar, ya miƙa takarda da Faransanci, a kira ta gaba. Mace takan fito ba ta san komai ba sai abin da ta tambaya, kuma tambayar da aka fi yi ita ce namiji ne ko mace. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarwarinta na 2016 da suka ɗaga yawan zuwa awo daga 4 zuwa 8, hoto ɗaya ta ce a yi wa mai lafiyayyen ciki kafin mako 24, domin a san ainihin watannin cikin, a gane ko tagwaye ne, a kuma duba halittar jariri. Hoto yana kuma nuna cikin da ya zauna a wajen mahaifa, da mabiyiyar da ta sauko ta tare bakin mahaifa, wadda ke jawo zubar jini marar ciwo a watannin ƙarshe kuma take hana haihuwa sai da tiyata. Ga ƙanwata maimaita hoton yana da dalili, tunda hawan jini yana rage abincin da ke isa ga jariri, dole a bi girmansa da yawan ruwan da yake ciki. Amma na ji mai karɓar kuɗi tana gaya wa mata masu ƙoshin lafiya cewa hoto kowane wata ake yi, har na ga wata da ta zo daga Tibiri ta biya kuɗin hoto ta fasa gwajin jini saboda kuɗinta bai kai duka biyun ba, alhali leɓɓanta da tafin hannunta sun yi fari fat. Wannan kuskure ne da asibitin ya kamata ya hana da kansa.

Allon ƙofa ya ce ana karɓar haihuwa dare da rana, kuma gaskiya ne akwai ɗakin haihuwa mai gado biyu, amma babu ɗakin tiyata, babu ajiyar jini, babu motar ɗaukar marar lafiya, da dare kuma ma'aikaciya ɗaya ce ke kwana. Sajifam ba ta ɓoye wannan ba. Tun a wata na takwas ta ce wa ƙanwata ba a nan za ta haihu ba, ta rubuta mata takardar zuwa Cibiyar Lafiyar Uwa da Yaro ta Maraɗi, ta kuma kira mijin ta ce masa: "Alhaji, ka tanadi mutum biyu masu ba da jini, ka ajiye kuɗin mota a hannunta, ka kuma ba ta izinin fita tun yanzu ko ba ka gida." Dalilinta a fili yake. Zubar jini bayan haihuwa, wato abin da ya kai rabin lita, yana iya kashe mace cikin sa'o'i kaɗan, kuma ko da yake allurar oksitosin da ƙwayar mizoforostol suna tsayar da mafi yawansa ta hanyar matse mahaifa, wanda ya ƙi tsayawa sai da ƙarin jini da tiyata. Doguwar naƙuda ma haka take: in kan jariri ya daɗe yana danne mafitsara a jikin ƙashin ƙugu, naman wurin ya mutu, sai yoyon fitsari, cutar da aka buɗe cibiyar gyaranta a Danja, kudu da Maraɗi, a 2012. Asibitin da ya riƙe mace mai irin wannan matsala don kada kuɗin haihuwa ya kuɓuce masa ya fi rashin asibiti illa, kuma a nan ban ga an yi haka ba. Abin da ya rage musu shi ne turawar tasu takarda ce kawai ta hannu, ba sa kiran can su sanar, kuma in naƙuda ta rikice musu da dare dangi ne za su fita titi neman adaidaita.

An tayar wa ƙanwata da naƙuda a can cibiyar da ciki ya cika mako 37, ta sauka lafiya. Daga nan asibitin kuɗin ya manta da ita. Babu wanda ya kira, babu ranar dawowa da aka rubuta, kuma da muka koma da kanmu a makon suna sai aka buɗe mata sabon lissafi kamar baƙuwa. Wannan giɓi ne mai haɗari, domin jijjiga tana iya tasowa bayan an haihu, kuma lokacin jego ne ake ɗura wa mace kunun kanwa ana yi mata wankan ruwan zafi safe da yamma. Kanwa gishiri ce a jiki, tana tara ruwa tana ɗaga jini, likitoci kuma sun daɗe suna danganta yawan shanta da ciwon zuciyar da ke kama masu jego a ƙasar Hausa. Da muka samu ganin sajifam ta auna ta samu jinin bai gama sauka ba, ta ce a ci gaba da magani, a bar kanwa a yi kunun gyaɗa ko na tsamiya, a sassauta zafin ruwan wanka, ta kuma yi mata bayanin cewa hutun wata 24 kafin wani ciki shi ne shawarar masana, kuma wadda ta taɓa yin wannan hawan jini tana iya sake yi, don haka ciki na gaba a fara awonsa tun watan farko da ta ga ɓatan wata. Duk wannan bayani mun same shi ne don mun koma da ƙafarmu mun sake biyan jika 2, kuma a kan bencin rumfar ranar nan masu ciki ne zalla, ƙanwata kaɗai ce mai jego.