Birekar Amurka da Wutar Gida

Ƙanina, na ga saƙonka cewa in haɗo maka birekoki, wato na'urorin da ke yanke wutar lantarki in ta yi yawa, daga nan Amurka, tunda kayan Amurka na da ƙarko. Ƙarko kam akwai shi, amma ba zan aiko ba.

A jikin birekar gidajen nan 120/240V ake rubutawa. Mai gani sai ya ce ai 240 ta ɗara 230 ɗinmu, magana ta ƙare. Ina! Taransifoma a nan wayoyi biyu masu wuta take bai wa gida, kowace volt 120 ce tsakaninta da nutural, wato wayar da wuta ke komawa ta cikinta. Sai ka auna tsakaninsu su biyu sannan ka samu 240, ita ake ja wa murhun lantarki da injin busar da tufafi. To ƙaramar lambar nan, 120, ita ce iyakar abin da aka yarda ya kasance tsakanin waya ɗaya da ƙasa. Mu kuwa waya ɗaya tal ce ke ɗauke da 230, kusan ninki biyu ke nan. In ka sa birekar Amurka, za ta yi aiki lafiya lau, har ka yi ta yabonta. Sai ranar da wayoyi suka haɗu, birekar ta faɗi, tartsatsin cikinta na iya ƙin mutuwa, ta narke wuta na ci gaba da wucewa.

Ko zama ma ba za ta yi a akwatinka ba. Namu a kan siririn ƙarfen nan mai faɗin milimita 35 ake maƙala su, nasu kuma cusa su ake yi a cikin akwatin, kusan kowane kamfani da irin ƙafarsa, Square D daban, Siemens daban. 

Nemi mai 230/400V da tambarin IEC 60898, irin ta Turai, ka kuma duba 6000 ɗin da ke cikin ɗan murabba'i, wato amfiya nawa za ta iya yankewa.

Aikin solar da ka ambata kuma, kada ka sa ko ɗaya daga cikinsu a layin fanel. Wutar gida tana sauka sifili sau 100 a daƙiƙa, nan tartsatsi ke samun mutuwa. Wutar fanel da batir, wato DC, ba ta sauka. Sai wadda aka rubuta wa DC ƙarara, mai volt sama da na fanel ɗinka idan an jera su, in kuma tana da alamar + da −, ka bi su.